Ƙofar da Ke Ƙaryata Mai Gida

Mutum ya zauna gaban kwamfutarsa da safe, ya rubuta kalmar sirrin da yatsunsa suka haddace shekara da shekaru, allon shiga ya ce ba daidai ba ce. Ya sake, amsar ba ta canja ba. A karo na uku sai ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa. Nan zaluncin yake, domin sau da yawa mai gida bai manta makulli ba, ƙofar ce ta sauya hali ba ta sanar da shi ba.

Tarihin Windows 11 ya isa shaida. A Afrilun 2025, sabuntawar KB5055523 ta sa wasu kwamfutocin da aka mayar sabbi suka daina karɓar lambar PIN da tantance fuska. Daga sabuntawar KB5064081 ta Agustan shekarar, alamar da ake dannawa don shigar da kalmar sirri ta ɓace daga allon wasu mutane, kuma shawarar da Microsoft ya bayar ita ce a riƙa laluben gurbin da linzami har a dace da maɓallin da ba a gani. A Oktoba kuma, KB5066835 ta hana madannai da linzami masu USB aiki a sashen farfaɗo da Windows, wato wurin da ake gudu idan shiga ta gagara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mantuwar mai kwamfuta ta jawo.

Ko babu sabuntawa, dalilan ƙin shiga suna da yawa, allon kuwa kusan jimla ɗaya ya iya. Lambar PIN ba a intanet take ba, ɗaure take da guntun tsaro na TPM da ke cikin injin. Idan aka sabunta BIOS ko aka share guntun, tana iya mutuwa alhali daidai ake rubuta ta. Wanda ya canja kalmar sirrin asusunsa na Microsoft ta waya, kwamfutarsa kuma ba ta hau intanet ba tun lokacin, zai tarar tsohuwar kalmar take jira. Madannai ma suna yaudara: tsarin AZERTY da aka saba da shi a Nijar yana musanya A da Q, da Z da W, kuma lambobi ba sa fitowa sai an riƙe Shift. A ofis, idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon inji ya mutu, lokaci ya karkace, tsarin tantancewa na Kerberos kan ƙi bambancin da ya wuce minti 5. Injin yana da hanyar gane mafi yawan waɗannan. Ɓoye su zaɓi ne na masu ƙira.

Masu kare kamfanin za su ce tsaro ne: idan allo ya yi bayani, ɓarawo ma zai karanta. Hujjar tana da ƙarfi a kan abin da ya shafi kalmar kanta. Amma faɗa wa mutum cewa agogonsa ya karkace, ko madannansa sun koma Faransanci, ko injin bai tuntuɓi asusunsa ba tun makon jiya, ba ya ba ɓarawo ko harafi ɗaya.

Rashin bayanin nan shi ke tura mutane shagon mai gyara, inda sau da yawa magani ɗaya ne: a yi fomat. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kundin digiri, lissafin kasuwanci da hotunan iyayen da suka rasu duk su tafi, saboda matsalar da wataƙila sauya harshen madannai zai warware. Tsohuwar dabarar cire ma'ajiya a kwashe fayiloli a wani inji ma ta fara ƙarewa, domin tun daga sigar 24H2 ta 2024 Windows kan rufe ma'ajiya da BitLocker da kansa idan aka girka shi da asusun Microsoft. Wanda ba shi da makullin ceto mai lambobi 48, ba mai buɗe masa.

Kafin a bar kowa ya goge inji, akwai tsari. A danna alamar ido a ga abin da ake rubutawa a zahiri. A duba harshen madannai a kusurwar dama ta ƙasa, da Caps Lock da Num Lock. A haɗa intanet daga allon shigar, a duba agogo, a gwada tsohuwar kalma. Idan PIN ta ƙi, a koma kalmar sirri ta zaɓin hanyoyin shiga. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa, a cire ta daga sashen farfaɗowa.

Sauran aikin tun ƙofa na buɗe ake yin sa: a rubuta makullin BitLocker a takarda a adana, a tabbatar lambar wayar da ke kan asusun tana aiki, a ajiye kwafin fayiloli a wani wuri. Mai gyaran da ya ambaci fomat kafin ya tambayi waɗannan, a karɓe kwamfutar daga hannunsa.