Rigar ƙarfe ba za ta ceci bayan ma'aikaci ba idan ba a taɓa gudun aiki ba

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: ma'aikaci a masana'antar motoci sanye da wata riga mai ƙarafa da ke tallafe masa hannuwa, yana ɗaure noti a ƙarƙashin mota kamar ba ya jin gajiya. Ba haɗin kwamfuta ba ne. A 2018 kamfanin Ford ya sanar da raba irin wannan riga mai suna EksoVest a masana'antunsa 15 a ƙasashe 7, saboda wasu ma'aikatansa na ɗaga hannu sama da kai har sau 4,600 a rana. Rigar ba ta amfani da batir. Sifirin ne a cikinta, yana ɗauke wa kowane hannu nauyin kilo 2 zuwa kusan 7.

Fasahar ta burge ni. Amma ina ganin ana yabonta fiye da kima, har ana mantawa da tushen ciwon.

Ciwon baya, kafaɗa, wuya da wuyan hannu da ke kama ma'aikatan masana'antu ba rana ɗaya yake zuwa ba. Maimaita motsi ɗaya dubban lokuta, sunkuyo, murɗa ƙugu da kaya a hannu, tsayuwa wuri guda tun safe har yamma, da girgizar inji a tafin hannu, su ke cin jijiyoyi da gaɓoɓi a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.71 ne ke fama da cututtukan tsoka da ƙashi, kuma ciwon ƙasan baya ne kan gaba wajen nakasa mutane a ƙasashe 160. Rigar ƙarfe na rage wa kafaɗa nauyi, amma ba ta rage yawan ɗagawar. Idan kuma mai kamfani ya ga ma'aikaci ya daina saurin gajiya sai ya ƙara gudun layin aiki, an koma gidan jiya.

An riga an ga misalinsa. A 2020 kafar binciken ƙwaƙwaf ta Reveal a Amurka ta wallafa alƙaluman cikin gida na Amazon, waɗanda suka nuna raunuka masu tsanani sun fi yawa a rumbunan kayan da ke amfani da mutum-mutumi fiye da waɗanda ba su da shi. Na'urar ta ɗauke wa ma'aikaci yawo tsakanin kantoci, sai aka ƙara masa yawan kayan da zai ɗauka a sa'a guda. Kamfanin bai amince da yadda aka fassara alƙaluman ba, amma tambayar tana nan: wa ke cin ribar sauƙin da na'ura ta kawo?

Mu dawo gida. Matashin da ke lodi a Sharaɗa, Bompai ko Challawa ba ya jiran EksoVest, kuma ba ita ce buƙatarsa ta farko ba. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya dace mutum ya ɗaga, shi ma sai idan kayan na kusa da jiki, ba sunkuyo sosai, ba murɗawa, ba yawan maimaitawa. Buhun siminti ko na fulawa kilo 50 ne. Ya ninka iyakar har da ɗoriya, kuma ba sau ɗaya ake ɗaga shi a yini ba. Wannan yaron ne za ka gani da dare a kemis yana sayen maganin ciwon jiki, gobe ya koma.

Gyaran da ya fi tasiri ba ya kyau a bidiyo. A ɗaga teburin aiki ya dace da tsayin mai shi. A ajiye kaya a kan dakali daidai ƙugu maimakon ƙasa. A kawo baro ko keken tura kaya. A riƙa sauya wa mutane wurin aiki don kada gaɓa ɗaya ta sha wahala yini guda, a ba da ɗan hutu akai-akai, a kuma saurari mai aikin, domin shi ya san inda ke masa ciwo tun kafin likita ya sani.

Wayar da ke hannunka ma tana da rawar takawa. NIOSH na da manhaja kyauta mai suna NLE Calc: ka saka nauyin kaya, nisansa da jiki, tsayin da ake ɗaga shi da yawan maimaitawa, ta lissafa maka ko aikin ya wuce ƙima. Mai kula da sashe zai iya ɗaukar bidiyon minti biyu, da izinin ma'aikacin, su kalla tare su ƙirga sau nawa ya sunkuya. Lamba a allo ta fi "Oga, bayana na ciwo" shiga kunnen manaja.

Sannan akwai doka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki a Najeriya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun NSITF, don kula da wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta saboda aiki. Idan kana aiki a masana'anta, ko ƙaninka na yi, ka tambaya ko an yi muku rajista.