Zama wuri ɗaya ba ya maganin ciwon gwiwa

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana da iyayenmu na Rano da Kibiya masu fama da amosanin gaɓɓai, wanda muke kira sanyin ƙashi. Da zarar hunturu ya kama, sai ka ga dattijo ya naɗe kan tabarma, 'ya'ya suna cewa, "Baba, ka huta." Tausayi ne, amma yana cutarwa.

Guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan cikin gaɓa yake samun abinci, kuma motsi ne ke zagaya ruwan. In an daina tafiya, naman cinya ya saki, nauyin jiki ya koma kan gaɓar, ciwo ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya su samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tattaki zuwa masallaci ko gona bayan hantsi, hawan keke a shimfiɗaɗɗiyar hanya, miƙe ƙafa ana zaune a kujera, duk suna da amfani. Hawan duwatsun Rano dai a bar wa samari.

Iyayenmu mata na cikin gida su ne suka fi damuna. Zagaya tsakar gida ma wani abu ne.

Gaɓar da ta kumbura, ta yi zafi, a kai ta asibiti tukuna. Shan diclofenac kullum kuwa yana lalata ciki da ƙoda.

Masu gashin ƙashi suna Asibitin Dala a birni. Ina roƙon hukuma ta riƙa turo su ɗakunan shan maganinmu, ko da sau ɗaya a wata.

Naka,
Mai karatu daga Kibiya