Tuwo Yana Cika Ciki, Amma Ba Ya Raya Yaro Shi Kaɗai

Duk wanda ya ba matarsa kuɗin cefane a Dogon Daji ko Tambuwal cikin shekarun nan ya san yadda lissafin yake ƙarewa. Kafin a kai ga miya, kuɗin sun tafi. Hatsi ya ci nasa, mai injin niƙa ya karɓi nasa, mai itace ma haka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, niƙa ta zama wani cefane mai zaman kansa, domin injin fetur ko gas yake sha. A watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, ga mu kuma a jihar da ƙididdigar gwamnatin tarayya ta 2022 ta ce kusan mutum tara cikin goma na fama da talauci.

Abin da ya dame ni shi ne abin da ake fara cirewa daga tukunya. Ba a taɓa tuwo, saboda shi ke hana yara kuka da dare. Wake ne ke fara fita, sai gyaɗa, sai mai, sai ɗan busasshen kifin da ake jefawa a miya. A ƙarshe a bar kuka da gishiri da dunƙulen magi. Yaro ya ci ya ƙoshi, uwa ta samu barci, amma jikinsa na ramewa a hankali. Nan tamowa take shigowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka mutu da ita a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na 2025. Katsina ba ta da nisa, kuma tukunyarsu irin tamu ce.

Abin takaicin, waken nan da gyaɗar, mu muke noma su. Da kaka ta yi, su ake fara kaiwa kasuwa don sun fi gero kuɗi: a biya bashin taki, a yi biki, a gyara babur. Gero da dawa su shiga rumbu. Damina na tsakiya, manomi ya dawo yana auna rabin kwanon wake da tsadar da ta fi yadda ya sayar. Na san bashi ba ya jira, ba kuma na raina uzurin kowa. Sai dai a gidan da ake da mai goyo ko yaron da aka yaye, buhun wake guda ya cancanci a ɗauke shi kamar iri, wanda ko ana yunwa ba a taɓa shi.

Matanmu sun san dabarun, ba sai an koya musu ba. Su ke shanya zogale da rama da kuɓewa tun damina. Su ke daka ƙuli-ƙuli a kwaɗo, su zuba daddawa inda nama ya gagara, su soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙa su tare don kunun yaro. Abin da ba su da shi shi ne baki a ranar da ake yanke abin da za a sayar. Maigida, kafin ka ɗora buhu a mota, zauna da wadda ke hura wutar, ka tambaye ta kwano nawa gidan ke ci daga girbi zuwa girbi. Ta fi ka sani.

Masu manyan gonaki a Kebbe da Tambuwal kuma, zakkar amfanin gona na kanku: ɗaya cikin goma ga noman damina, rabin haka ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Wake ma yana ciki idan ya kai nisabi. A fitar da ita ranar girbi, a fara da gidajen zawarawa da marayun unguwa, a kuma ba su waken kansa.