SHARHI: Su suna biyan miliyoyi su kalli ƙanƙara na narkewa, mu daminarmu ce a ciki

Duk shekara idan Nuwamba ta kama, lokacin da mu nan muke gama ɗaure damman hatsi muna jera su a rumbu, wata irin kaka ce ke buɗewa a ƙarshen kudancin duniya. Daga tashar Ushuwaya ta ƙasar Ajantina manyan jiragen ruwa ke ɗaukar masu hali, su yi kwana biyu suna ratsa teku mai hauka, su isa Antatika, nahiyar da babu gari ko gona a cikinta, sai ƙanƙara da tsuntsaye da dabbobin ruwa. Haka za a yi ta zirga-zirga har watan Maris. Idan rani ya juya, jiragen su koma arewa, wajen Girinlan da tsibiran Sibalbad na ƙasar Nowe.

Mun san mai karatu a Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji zai ce, to mu ina ruwanmu? Mu da ko teku ba mu da ita? Gaskiya ne, tambaya ce da ta dace. Amma da muka bi labarin, sai muka tarar igiyarsa ta zo har bakin gonakinmu.

Kasuwar kallon ƙanƙara

A farkon shekarun 1990, mutanen da ke zuwa Antatika yawon buɗe ido ba su kai 10,000 ba a shekara. A zangon 2023 zuwa 2024, ƙungiyar kamfanonin da ke wannan sana'a, wadda ake kira IAATO, ta ƙirga sama da mutum 120,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu ko ƙafa ba su sa a ƙasa ba, saboda dokar wurin ta hana duk jirgin da ke ɗauke da fasinja sama da 500 sauke mutane. Daga cikin jirgi suke leƙe, su ɗauki hoto, su koma cin abinci.

A arewa kuma, labarin da ya fi nuna yadda duniya ta sauya shi ne na wata mashiga ta ruwa da ke saman ƙasar Kanada. A 1845 wani Bature ɗan Ingila, John Franklin, ya shiga neman hanyar da jirage biyu, shi da mutanensa 128, babu wanda ya dawo. Roald Amundsen na Nowe, wanda ya fara ƙetare ta a jirgi, sai da ya yi shekara uku, daga 1903 zuwa 1906. Amma a 2016 wani jirgin shaƙatawa mai suna Crystal Serenity ya bi ta da fasinja kusan 1,000 da ma'aikata wajen 600, daga Alaska zuwa birnin Niyok, cikin kwana 32 kacal. Tikiti mafi arha ya kai dala 22,000, wato sama da miliyan 12 na sefa. A hanya jirgin ya yada zango a wani ƙauye mai suna Ulukaktok, wanda mutanensa gaba ɗaya ba su wuce 400 ba. Ka ji fa, baƙi sun ninka masu gida.

Babban abin da ya buɗe hanyar shi ne ƙanƙarar da ta ragu. Bincike ya nuna yankin ƙuryar arewa na ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya tun daga 1979. Wato narkewar ce ta buɗe kasuwar, kuma ita ce ake sayarwa, domin da yawan masu tafiyar suna gaggawa ne su gani kafin ya ɓace.

Tafiyar ba ta rasa haɗari ba. A Nuwamban 2007 jirgin Explorer ya bugi ƙanƙara ya nutse a tekun Antatika, Allah Ya sa aka ceto duka mutum 154 da ke ciki. A Satumban 2023 wani jirgin da mutum 206 ya kafe a taɓo a gabashin Girinlan, ya yi kwanaki kafin a samu a jawo shi.

Inda igiyar ta haɗu da gonarmu

Ruwan da ke sauka a Cadawa ko Gangara daga tekun Atlantika yake tasowa. Iskar damina ce ke ɗauko shi daga kudu maso yamma, kuma nisan da take kaiwa arewa ya danganta da zafin ruwan tekun. Idan arewacin Atlantika ya yi ɗumi, layin ruwan sama ya hauro wajenmu. Idan ya yi sanyi, layin ya ja baya ya tsaya kudu. Dattawanmu sun ga haka da idonsu ba tare da sun san sunansa ba. Farin 1973 da na 1984, wanda a nan Maraɗi aka yi wa laƙabi da El Buhari, masana sun danganta su da sanyin arewacin tekun, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na cikin abin da ya jawo sanyin.

To ga inda Girinlan ta shigo. A cikin Atlantika akwai wata kwarara mai ɗaukar ruwan ɗumi daga wajen tsakiyar duniya zuwa arewa. Gishirin ruwan da sanyinsa ne ke sa ya nutse a can arewa, sai wani ya biyo bayansa, tamkar jan guga. Ruwan ƙanƙara kuwa ba shi da gishiri. Girinlan na zubar da tan biliyan 270 na ƙanƙara a kowace shekara bisa awon hukumar NASA, kuma idan wannan ruwa ya yi yawa zai iya rage ƙarfin kwararar. A 2017 wasu masu bincike, akasarinsu daga Faransa, ƙarƙashin Dimitri Defrance, sun gwada abin a na'ura. Sakamakonsu shi ne, idan narkewar Girinlan ta yi sauri sosai, ruwan damina zai ragu ƙwarai a Sahel, kuma filin da ake iya noma hatsi da dawa zai iya raguwa da sama da murabba'in kilomita miliyan ɗaya.

Mu faɗi gaskiya, wannan gwaji ne na abin da zai iya faruwa, ba su ce gobe ko jibi ba. Abin da muke gani yanzu ma wani fuskar ne na ɗumamar. Wani binciken da aka fitar a 2017 ɗin ya nuna manyan hadari masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ba sai an karanta mana wannan ba. A ƙarshen Agustan 2024 ruwa ya ci unguwanni a birnin Maraɗi cikin awanni kaɗan. A daminar nan mutum sama da 300 suka rasu a faɗin Nijar, sama da miliyan ɗaya suka yi asara, jihar Maraɗi ce ta fi yawan mamata, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba saboda azuzuwa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Yau ruwa ya yi yawa ya ci gona, gobe ya ɗauke ana tsakiyar bununi. Manomi na tsakanin biyun.

Wa ya ci, wa ya biya

Kada mu ɗora wa jiragen nan abin da ba nasu ba. Duk jiragen ruwan duniya, har da masu dakon kaya, kusan kashi 3 cikin 100 ne na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma na yawon ƙanƙara ɗan yanki ne a ciki. Ko an hana su gobe, daminarmu ba za ta daidaita ba. Abin da suke nuna mana shi ne girman rashin daidaito. Ƙiyasin masana ya sa hayaƙin tafiya ɗaya ta mutum ɗaya zuwa Antatika tsakanin tan 3 zuwa 5 na iskar kabon. Ɗan Nijar kuwa, bisa alƙaluman Bankin Duniya, wajen kashi ɗaya cikin goma na tan yake fitarwa a shekara. Ke nan hutun sati biyu na mutum ɗaya ya kai na shekara 30 ko fiye na manomin Cadakori.

Bayan iskar, akwai kunkunniya. Idan baƙin hayaƙin inji ya sauka a kan farar ƙanƙara, sai ta riƙa shan zafin rana, kamar yadda baƙar riga ke yi wa mutum a watan bazara. Wani bincike na 2022 ya ƙiyasta cewa kowane baƙo na jawo narkewar tan 83 na dusar ƙanƙara ta wannan hanya.

Su waye ke yanke hukunci? Yarjejeniyar Antatika ƙasashe 12 suka sa mata hannu a 1959, kuma har yau Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka a ciki. Asusun biyan diyyar ɓarnar sauyin yanayi, wanda aka amince da shi a taron Masar na 2022, alkawuran da aka yi masa a Dubai a 2023 wajen dala miliyan 700 ne kawai, ga duk ƙasashen duniya masu rauni. A Oktoban 2025 kuma hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta ɗage shawarar sa wa jirage kuɗin hayaƙi da shekara ɗaya, bayan matsin lambar Amurka da wasu ƙasashen mai.

Amma akwai abin koyo a can ɗin ma. Tun 2011 aka hana jirage amfani da baƙin mai mai kauri a tekun Antatika. Ba a sauke sama da mutum 100 a wuri ɗaya lokaci ɗaya. Daga Janairun 2025 Nowe ta hana jirgi mai fasinja sama da 200 shiga wuraren da ta keɓe a Sibalbad. Masu kuɗi sun yi ƙorafi, amma suna bi. Abin da kowa ke da haƙƙi a kansa yana tsira ne idan an sa ƙa'ida kuma an samu mai tsaron ta.

Mu ma mun san wannan hanya

Wannan darasi ba baƙo ba ne a wurinmu. A farkon shekarun 1980 gonakin yankin nan sun zama fako, iska na binne shuka, ana shuka sau biyu sau uku. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya lura kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai a ƙasa. Manoma suka fara barin tohon gawo, sabara, kalgo da aduwa, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi. Shi ne sassabin zamani. A Ɗan Saga ta gundumar Agye jama'a suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma, mata da makiyaya, suka sa doka da tara ga mai sara ba izini, har garin ya zama wurin da baƙi daga wasu ƙasashe ke zuwa koyo. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 aka farfaɗo ta wannan hanya, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya raya a gonarsa.

A nan ne ya kamata mu buɗe ido. Kamfanonin jirage, na sama da na ruwa, da yawansu suna gaya wa fasinjansu cewa sun “wanke” hayaƙinsu. Wankin shi ne su biya kuɗi a wani wuri da itace ke shanye iskar kabon. A Humbo ta ƙasar Habasha, inda aka farfaɗo da daji hekta wajen 2,700 da irin dabarar da aka koya a nan, ƙungiyoyin manoma sun karɓi irin wannan kuɗi ta hannun Bankin Duniya. Ke nan gawon da ke gonarka kaya ne mai farashi a wata kasuwa da ba ka taɓa gani ba. Duk ranar da wani furoje ya zo da takarda yana maganar kabon, akwai tambayoyin da hakimi, da hukumar komin, da kwamitin gari ya kamata su yi kafin a ɗangwala yatsa. Shekara nawa ce yarjejeniyar? Nawa ake sayar da tan ɗaya, nawa ne zai iso hannun mai gona? Za a hana mu yanke reshe don girki ko dabba? Makiyayin da ke kaɗa wa bisashensa ƴaƴan gawo da rani, ina matsayinsa? A karanta takardar da Hausa a bainar jama'a, a bar kwafi a gari.

Sauran aikin kuma namu ne tun yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kominoninmu su hana raba filayen gini a hanyar ruwa, musamman a bakin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba. A yashe magudanai kafin watan Yuni. A ƙara ma'aunin ruwan sama a ƙauyuka, a riƙa aiko mana da adadin muna faɗa a rediyo tare da hasashen damina da cibiyar Agrhymet ta Yamai ke fitarwa, don mai shuka ya san ko ya ɗauki iri mai saurin nuna. Matasan da ke sare gawo cikin dare su sayar a birni, iyayen gari su tsawata, a kuma nema masu abin yi da rani.

Wakilan da ke zuwa tarukan yanayi da sunan Nijar kuma, muna roƙon su tafi da alƙaluman gidajen da suka rushe da gonakin da ruwa ya ci, gunduma gunduma, tare da na itatuwan da talakawa suka raya da hannunsu. Mun yi namu rabon aikin tun shekara 40 da suka wuce ba tare da an biya mu ba, don haka abin da muke nema haƙƙi ne. Masu sauraro da ke da labarin wata yarjejeniyar itace ko fili da aka kawo garinsu, su sanar da wakilinmu mafi kusa, za mu bi sawu mu kawo maku a shirin noma da kiwo. Allah Ya ba mu damina mai albarka.