Faɗuwar gaba ba rashin tawakkali ba ce

A ajinmu na karatun manya akwai wata mata mai tuyar ƙosai. Ta fi kowa kyan rubutu. Bara ta yi wata biyu ba ta zo ba. Ran da ta komo, na ce mata: «Hajiya, lahiya dai?» Ta ce: «Malam, gabana ne ke faɗuwa, dare da rana. Ba a yi mini rasuwa ba, ba a bi na bashi, amma ji nake kamar wani mugun abu na tahe. In na kwanta, barci ba ya zuwa.» Na tambaye ta ko ta gaya ma wani. Ta ce ta gaya ma uwar mijinta, sai aka ce mata ta rage son duniya, ta yi tawakkali.

Wagga amsa ta tsaya mini a rai. Ni a ganina an ƙware ta, ko da ba da nufi ba.

Kowa ya san tsoro. Kana cikin noma ka ga kububuwa dab da ƙafarka: zuciya ta buga, numfashi ya yi sauri, zufa ta karyo. Akwai wasu ƴan tsokoki biyu bisa ƙoda, su ke zuba wani sinadari cikin jini, likitoci na ce mishi adarenalin. Shi ke shirya jiki ya gudu ko ya kare kai. Maciji ya wuce, jiki ya kwanta. Wanga tsoro mai amfani ne. Haka maigidan da rumbunsa ya yi ƙasa tun hatsi bai nuna ba, in ya kasa barci, damuwarsa na da dalili.

Abin na zama ciwo in ba maciji, ba komi, amma jiki ya ƙi kwanciya. Mutum ya yi wata da watanni cikin zullumi. Wuya da kafaɗu su ɗaure, ciki ya murɗa, abu kaɗan ya ɓata mishi rai. Wani kuma farat ɗaya abin ke kama shi, a kasuwa ko cikin mota: ƙirji ya toshe, hannu na rawa, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Cikin kamar minti 10 abin ya kai ƙarshen ƙarhinsa, sannan ya lafa. Daga nan sai ya fara gudun kasuwa, ya fara gudun mota, sana'a ta tsaya. Likitoci sun san wanga ciwo, suna kiran shi ciwon fargaba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da shi. Mata sun fi maza kamuwa. Cikin mutum huɗu masu buƙatar magani, kusan ɗaya ne kawai ke samu. Ciwon na iya bin jini a gida ɗaya. Yana iya biyo bayan firgita mai tsanani, kamar ta mutanen da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maradi a 2019 sabili da ƴan bindiga.

Wani zai ce iska ce, ko sammu, a kai ta wurin malam. Ni ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. Amma wanda masassara ta kama, muna yi mishi addu'a kuma muna kai shi likita, ba wanda ke cewa imaninsa ne ya yi rauni. Don mi za mu bambanta? Ga kuma wani dalili: ƙarancin jini da wani irin ciwon maƙoƙo su ma suna sa zuciya bugawa da sauri. Ba mai rarrabe su sai an auna.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tiren masu tallan magani. Mutum ya sayi tramol ko ƙwayar barci don ya samu sauƙi. Sauƙin na kwana ɗaya ne. Jiki ya saba, ran da babu ƙwaya fargaba ta dawo ninki biyu. Shayi mai ƙarhi, da nescafé, da goro da yawa su ma suna hura wutar, balle da dare.

A fara da likitar unguwa, a faɗi komi ba kunya. In abin ya fi ƙarhinsu za su tura mutum gaba, har babban asibitin Yamai akwai sashen da ke wanga aiki. Wani zama da hira da masani kaɗai ke warkar da shi, a koya mishi yadda zai tunkari abin da yake gudu sannu sannu. Wani sai an haɗa da magani, kuma maganin na ɗaukar makonni kahin a ga aikinsa, don haka kar a yar da shi ran uku.

Hajiyarmu ta tahi, ƙanwarta ta raka ta. Ta dawo aji. In gabanta ya fara faɗuwa, nakan gan ta ta ajiye alli, ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida. Sauran mata ba su tanka mata. Makon jiya wata ta matsa kusa da ita bayan an tashi, na ji tana tambayar ta wace rana likitan ke zama.