Aikin Gayya Da Kasuwa: Kira Ga 'Yan Dukku Mazauna Kudu

Dukku, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Rijau a ƙasar Sarkin Sudan na Kontagora, gari ne na manoma, kamar sauran garuruwan wannan yanki na Jihar Neja da ke dab da iyakar Jihar Kebbi. Dawa da gero da masara da wake da dabbobi su ne arzikin yankin, kuma irin kayan nan ne 'yan Arewa ke hada-hadarsu a Agege ta Ikko da Bodija ta Ibadan. Saboda haka duk abin da ya taɓa kasuwar ƙauye, ba a daɗewa sai ya taɓa aljihun ɗan kasuwa a Kurmi.

Haƙiƙa kasuwannin ƙasar Kontagora sun sha wuya. A shekarun 2021 da 2022 hare-haren 'yan bindiga sun hana manoma da yawa zuwa gona, sun sa fatake tsoron hanya. A farkon 2023 ƙarancin takardun Naira ya tsayar da ciniki a ƙauyukan da ba su da banki. Cikin watan Mayu na 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Tsaro da manyan hanyoyi nauyi ne da ya rataya a wuyan gwamnati, babu wata ƙungiya da za ta iya ɗauke mata shi. Amma akwai abin da jama'a za su iya yi da hannunsu, kuma tarihin ƙungiyar Rotary ya nuna hanya.

An kafa Rotary a birnin Chicago na Amurka a 1905, kuma reshenta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi, a 1961. 'Yan kasuwa ne da ma'aikata suka haɗa kai don taimakon garuruwansu. A 1985 ƙungiyar ta ɗauki alkawarin yaƙi da cutar shan inna. Ko da aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003 saboda zargin da ya bazu, ba ta janye ba. Ta ci gaba tare da hukumomin lafiya da sarakuna, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Shekara 35 ke nan a kan aiki guda.

Darasin a fili yake. Abin da ya ba su nasara shi ne zaɓen aiki ɗaya, da naci, da riƙe amanar kuɗin jama'a. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe ko Badukke, domin aikin gayya ya girmi kowace ƙungiyar zamani. Abin takaici shi ne, sau da yawa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya a Kudu ƙarfinsu kan ƙare a biki da ɗinkin anko da buga kalanda.

Ya kamata 'yan Dukku da maƙwabtansu mazauna Ikko da Ibadan da Shagamu da Fatakwal su zauna su tsayar da aiki guda wanda zai raya kasuwar gida: ko rijiyar burtsatse a bakin kasuwa, ko ɗakin ajiyar hatsi don kada manomi ya yi wa amfaninsa gwanjo da kaka, ko gyaran kwalbatin da ke hana motoci shiga da damina. Su naɗa ma'aji amintacce, su riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, su kuma shawarci hakimi da dattawan gari kafin a sa hannu.

Wanda ya gyara kasuwar garinsu, cinikinsa ya gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka, amin.