Ƙaramin Bashi Ake Fara Biya

A wani ɗakin rediyo da ke kusa da birnin Nashville, a jihar Tennessee ta Amurka, akwai wata al'ada da ta daɗe tana ba ni mamaki. Miji da mata, wani lokacin har da 'ya'yansu, sukan yi doguwar tafiya su zo su tsaya gaban makirufo. Su faɗi nawa ake bin su, wata nawa suka yi suna biya, me suka sayar, me suka haƙura da shi. Sai a ƙirga uku, su kwarma ihu tare cewa sun rabu da bashi. Wasu da hawaye suke barin wurin.

Mai shirin, Dave Ramsey, ya ɗanɗana kuɗarsa kafin ya fara yi wa mutane wa'azi. Yana ɗan shekara 26 ya mallaki gidaje na kusan dala miliyan 4, yawancinsu da kuɗin banki. Aka sayar da bankin da ya fi ba shi rance, sababbin masu shi suka ce ya kawo kuɗinsu cikin kwana 90. A 1988 ya je kotu ya amsa cewa ya karye, ga matarsa Sharon, ga ƙananan yara biyu. A 1992 ya fara shirin rediyo, kuma har yau magana ɗaya yake nanatawa.

Sai an san irin bashin Amurkawa za a gane dalilin ihun. Can mutum na iya cin abinci, ya sha mai, ya sayi takalmi da katin banki, a bi shi daga baya. A 2023 bashin irin waɗannan katuna ya haura dala tiriliyan 1, kuɗin ruwansu kuma ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Ga bashin mota, ga na karatun jami'a, ga na asibiti. Albashi na shigowa, kowa ya zo ya yanki rabonsa.

Tsarin Ramsey ba shi da wani sirri. Kafin wata ya kama, miji da mata su zauna su raba kuɗin da za su shigo har sai ba sauran dala ɗaya da ba a san inda za ta ba. Kuɗin cefane a ambulan guda, na mai a wata, na sutura a wata. In ambulan ta ƙare, magana ta ƙare sai wani watan. A tara dala 1,000 a ajiye saboda larura, don kada fashewar taya ta sake jefa gida cikin rance. Katunan kuwa almakashi ake sa musu. Abinci, in ji shi, a koma wake da shinkafa. Nan kam dariya ta kama ni, don abin da yake kira horo, mu garau-garau muke ce masa, muna yi masa layi da mai da yaji.

Inda ake gardama da shi shi ne wajen biyan. Ya ce a jera basussuka daga ƙarami zuwa babba, ba tare da duba kuɗin ruwan kowanne ba. A ce ana bin iyali dala 500 a asibiti, 3,000 a kati, 12,000 na mota. Manyan biyu a riƙa ba su mafi ƙarancin abin da aka wajabta, duk rarar da aka samu a auka wa na asibiti. Ran da ya mutu, kuɗin da ake ba shi su haɗu da na kati. Haka abin ke ƙara kauri kamar curin ƙanƙara da aka gangaro daga tudu, sunan da suka ba tsarin ke nan.

Masu lissafi sun ce kuskure ne, a fara da wanda ruwansa ya fi yawa, za a fi rage asara. A takarda sun yi gaskiya. Sai dai bashi ba a takarda ake biyansa ba, mutum ne ke biya, mutum kuma yana gajiya. Wanda ya shekara yana zuba kuɗi a babban rami bai ga ƙasansa ba, wata rana zai ce a bar ni in sha iska. Wanda ya soke suna ɗaya daga jerinsa a wata na biyu kuwa ya samu ƙarfin gwiwa. Wani bincike na Jami'ar Northwestern a 2012 ya nuna masu rufe basussukansu ɗaya bayan ɗaya sun fi kaiwa ƙarshe.

A ganina wannan dabarar ta fi dacewa da mu fiye da su. Ba'amurke banki ne ke binsa, banki kuma ba ya kwana da yunwa. Mu wa ke binmu? Mai shagon bakin layi da ya rubuta sunanmu a bayan kwalin sukari. Tela da ya ɗinka kayan Sallah. Maƙwabciya da ta ba da mudu biyu na gero, uwar adashi da ta cike mana zubi daga aljihunta. Ƙaramin bashinmu galibi yana hannun mai ƙaramin jari, wanda naira dubu biyar ɗinmu ce ke hana shi sarin gobe, kunya kuma ta hana shi tambaya. Mu kuwa sai mu canja hanya don kada mu haɗu. Da an fara da shi, an sauke nauyi biyu: an rage jerin, an kuma dawo da gaisuwa. Abu ɗaya zan ware, bashin manhajojin waya masu ninka ruwa da tura saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayarka. Wannan a fara kashe shi, kome girmansa.

Ba duka za a kwaso ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin da aka sa a ambulan ranar ɗaya ga wata ba lallai su sayi abin da aka ƙiyasta ranar ashirin ba. Kuma kasafin gidan Bahaushe da babu kason biki, suna, gaisuwar mutuwa da baƙon da ya sauka ba sanarwa, kasafin ƙarya ne. A yi wa zumunci tasa ambulan, in ta ƙare a je da ƙafa da addu'a.

Abin da ya fi mana wuya shi ne zaman nan na miji da mata. Gidaje da yawa uwargida ba ta san nawa ake bin maigida ba, shi ma bai san ta ci bashin atamfar anko ba, sai ranar da mai kuɗi ya yi sallama. Alhali rubuta bashi ba Ramsey ne ya zo da shi ba, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka.

Mai karatu, yau bayan Isha'i ka ɗauko takarda, ka kira uwargida, ku rubuta kowa da abin da yake bin ku. Wanda ya fi ƙanƙanta, a kai masa nasa kafin Juma'a.